Kwana Tara a Gidan Marayu Kusa da Jinja

A wata Lahadi ta watan Janairu aka yi sanarwar, bayan an karɓi baiko, daidai lokacin da mutane suka fara laluben makullan motocinsu. Faston da ke kula da mishan ya haska hotuna a bango: yara cikin kayan makaranta, ga jar ƙasa, ga itatuwan ayaba a bayansu. Ya ce a watan Yuli ikilisiya za ta tura tawaga Yuganda, wani gidan marayu da ke kusa da Jinja. Ya karanta Yakubu 1:27, inda aka ce sahihin addini a gaban Allah shi ne kula da marayu da gwauraye mata a cikin wahalarsu. Shekarata takwas a Amurka a lokacin, ina aikin nas, kuma duk ikilisiyar ni kaɗai ce haifaffiyar Afirka. Kafin in kai ƙofa mutum uku sun tare ni da cewa, "Ai ke gida za ki." Ban taɓa taka Yuganda ba, ko gaisuwarsu ban iya ba. Amma na gaji da yi wa mutane bayanin cewa Afirka ba unguwa ɗaya ba ce, sai kawai na miƙa hannu na karɓi fom.

Fom ɗin shafi shida ne. Za ka rubuta shaidarka, wato yadda ka zo ga Almasihu, ka kawo mutum biyu da za su tsaya maka, ka yarda a bincika ko kana da wani laifi a wurin 'yan sanda. Akwai kuma takardar kare yara da kowa ya sa wa hannu: ba zama da yaro kai kaɗai a ɗaki, ba ba yaro lambar waya, ba yi masa alkawarin komai. Wannan ya burge ni, har yau ma ina ganin daidai ne. Daga nan sai maganar kuɗi: dala 3,200 kowane mutum, mu goma sha huɗu. Aka koya mana rubuta wasiƙar neman tallafi ga 'yan'uwa da abokan aiki. Wannan ne ya fi yi mini nauyi, don bakina bai saba da roƙo ba, sai na ƙara aikin dare na wata biyu na biya rabi da gumina. Matasan tawagar kuwa wankin mota suka yi a harabar coci Asabar uku a jere.

Allurar shawara dole ce, sai da katinta ake shiga Yuganda, kuma sai ta kwana goma a jiki kafin katin ya fara aiki. Biza ta intanet ake nema, dala 50. Da aka zo kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na so in yi gardama, wai ni da na tashi da sauro. Likitar ta kalle ni ta saman tabarau ta tuna mini abin da ni kaina nake gaya wa marasa lafiya, cewa garkuwar nan takan tafi idan mutum ya yi shekaru ba a cije shi ba. Na karɓi ƙwayoyina na yi shiru.

Sau huɗu muka zauna horo. An koya mana tsayin siket, da yadda ake gaisuwa, da kada a sha ruwan famfo, da waƙoƙi uku masu tafi. Aka raba aiki: wasu fenti, wasu darasin Littafi Mai Tsarki, ni kuma duba lafiyar yara. Cikin zama huɗun nan babu wanda ya tambayi yadda yaran suka zo gidan, har da ni.

Kowa akwati biyu masu kilo 23, ɗaya nasa, ɗaya na kyauta: ƙwallaye, fensira masu launi, buroshin haƙori, takalma. Muka bi ta Amsterdam, jirgi ya ɗan yada zango a Kigali, muka sauka Entebbe da dare. Washegari bas ya ɗauke mu. Jinja kimanin kilomita 80 ce kawai daga Kampala, amma fita daga Kampala kaɗai ya cinye mana safiya, ga 'yan boda-boda, wato 'yan acaɓan can, suna ratsa motoci kamar ƙudan zuma. Muka wuce gonakin rake, muka ratsa dajin Mabira, muka haye sabuwar gadar Kogin Nilu da aka buɗe a 2018. Da la'asar muka shiga ƙofar gidan.

Tun bas bai gama tsayawa ba yaran suka rugo. An jera su don su yi waƙar maraba, amma layin ya watse. Kowane baƙo ya samu hannaye huɗu ko biyar a jikinsa. Wani yaro da bai wuce shekara huɗu ba, mai jar riga, ya haye jikin wata budurwa 'yar shekara goma sha tara da ke cikinmu, ya kwantar da kai a wuyanta, ya ce mata mama. Ta fashe da kuka, rabin tawagar suka taya ta. Da dare wajen addu'a kowa cewa yake bai taɓa ganin ƙauna irin wannan ba.

Ni kuwa babu wanda ya ruga wurina. Sauran "mzungu" ne, abin da ake kiran Bature ke nan a can. Ni an rasa inda za a ajiye ni. Yara suka yi ta yi mini magana da Lusoga, da suka ga ban amsa ba suka ɗauka girman kai ne. Wata ma'aikaciya ta miƙo mini jarkar ruwa ta nuna mini kicin, a zatonta an ɗauko ni ne daga Kampala in riƙa yi wa baƙi girki. Na karɓa na bi ta. Abin ya ɗan sosa mini rai a daren, amma duk abin da na gani a tafiyar nan ta ƙofar kicin ɗin na gan shi.

Tsarin kwanakin ɗaya ne. Addu'ar safe, fenti har azahar, darasi da wasa da yamma, sai a koma masauki kafin duhu. Yuli hutu ne a Amurka, amma a Yuganda tsakiyar zango na biyu ne na karatu, saboda haka kullum sai an taso manyan yara daga aji da wuri don su zo su rera waƙoƙinmu. A ɗakin kwanan da ake wa fenti na sa farce na kankare bango, na ƙirga launi uku a ƙarƙashin namu. Na tambayi matar da ke kula da ɗakin, wadda kowa ke kira Mama. Ta ce shuɗin na mutanen Kanada ne, rawayan na mutanen Ostireliya, ɗayan ta manta.

Da Mama na fi zama. Shekararta goma sha ɗaya a gidan, yara goma sha huɗu ne a ɗakinta, 'ya'yan cikinta kuma suna wurin ƙanwarta, sai ƙarshen wata take ganinsu. Muna tsince wake, ana tuƙa posho, tuwon masarar can, a babbar tukunya, muna hira da Turanci. A rana ta uku na ce mata, "Mama, yaran nan akwai son mutane." Ta daɗe ba ta ɗago ba. Can ta ce, "'Yar'uwa, ke nas ce. Ɗanki mai shekara huɗu, idan baƙo ya shigo gidanki, me yake yi?" Na ce yakan ɓuya a bayan zanena. Ta ce, "To."

Sai da na kwanta abin ya sauka mini. Na karanta wannan a makarantar koyon aikin jinya, na amsa shi a jarrabawa, amma da na gan shi ido da ido ban gane shi ba. Yaron da yake da mutum ɗaya tabbatacce, wanda ya san ko dare ko rana yana nan, shi ne yake ƙiwuya. Ƙiwuyar nan alamar lafiya ce. Wanda hannaye suka yi ta canzawa a kansa, shi ne ke faɗawa jikin duk wanda ya shigo, don ya koyi cewa runguma ba ta daɗewa, gara ka kwashi rabonka tun tana nan. Abin da ya sa mu kuka a bakin bas ke nan.

Mama ta ƙara mini da wanda ba ya cikin littafi. Ta ce duk tawagar da ta tafi, mako biyu suke yi suna shanyar katifu, har yaran da suka daɗe da daina fitsarin kwance. Ga faɗa a kan wa ya samu ƙwallo. Ga shi ita ce mai cewa a yi wanka, a yi shara, a bar wannan, alhali baƙi alewa suke rabawa ba sa tsawa. "Baƙo raɓa ne," in ji ni, don ban san abin da zan ce ba, na fassara mata. Ta yi dariya ta ce raɓa ai ba ta barin wanki.

A rana ta biyar mai jar riga ya tashi da zazzaɓi. Na ɗiga jininsa a ɗan katakon gwaji, layi biyu suka fito, wato zazzaɓin cizon sauro ne. Na auna nauyinsa don sanin ƙwaya nawa zai sha, na ce a kawo mini fayil ɗinsa in ga ko akwai maganin da jikinsa ba ya so. A shafin farko aka rubuta: uba ya rasu, uwa tana raye, ga sunan ƙauyen. A gurbin dalilin kawo shi kuma: talauci, kuɗin makaranta. Tunda aikina ne sabunta bayanan lafiya, duk fayilolin sun bi ta hannuna a kwana biyun da suka biyo baya. Yara sittin da 'yan kai ne a gidan. Waɗanda suka rasa uwa da uba duka ba su cika yatsun hannu biyu ba, su ma mafi yawansu da sunan kaka ko gwaggo a ƙasa.

Ba wanda ya yi mana ƙarya kai tsaye. A Hausa ma wanda ya rasa uba maraya ne ko da uwarsa na raye, kuma haka hukumar UNICEF take ƙirgawa: wanda ya rasa ɗaya daga cikin iyayensa ko duka biyun. Sai dai abokan tafiyata idan suka ji kalmar a Turanci, abin da ke zuwa musu shi ne yaron da ba shi da kowa a duniya. A kan wannan hoton suka rubuta wasiƙunsu, a kansa aka ba su kuɗi, kuma babu wanda ya ga amfanin gyara musu.

Ranar Asabar na nemi izini na bi jami'ar walwalar yara ta gidan, wadda za ta je sanar da uwar cewa ɗanta ya yi ciwo ya warke. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba a kan boda-boda. Muka same ta a bakin hanya tana gasa masara, da goyo a bayanta. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe mu, yadda matan can suke yi, ni ma na rasa yadda zan yi na durƙusa. Tambayarta ta farko ita ce ko yana cin abinci. Ta biyu, ko har yanzu yana tsoron kaji. Jami'ar tana fassara mini. Bayan mijinta ya rasu aka karɓe gonar, ga yara uku. Yuganda ta soke kuɗin firamare tun 1997, amma kayan makaranta da littattafai da abincin rana da 'yan kuɗaɗen da makarantu ke ƙirƙirowa duk suna wuyan iyaye. Wani a cocinsu ya gaya mata akwai gidan da yaro zai ci sau uku ya yi karatu da Turanci. Ta kai yayarsa, daga baya ta kai shi. Takan je ganinsu ƙarshen zango, amma idan akwai baƙi ana cewa iyaye su dakata.

Na tambayi jami'ar nawa zai ishe ta ta riƙe su biyun a gida, da makaranta da komai. Ta yi lissafi da shilin a wayarta, ta mayar mini dala. Na shekara guda bai kai abin da na kashe a kan allurai da magani da takalmin tafiya ba. A hanyar dawowa na ninka 3,200 sau goma sha huɗu a kaina. Dala 44,800.

Da zafina na je wurin shugaban gidan, kuma dole in yi masa adalci. Gidansa yana da rajista, yaran ba sa kwana da yunwa, ban ga alamar duka a jikin kowa ba, kuma na duba. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ya fi ni sanin dokar: ƙa'idojin gidajen yara da Yuganda ta fitar a 2013, da gyaran dokar yara na 2016, duk sun tafi a kan cewa gida irin nasa mafita ce ta ƙarshe, ta ɗan lokaci, da sanin jami'in gwamnati da umarnin kotu. Ya san maƙwabciyarsu Ruwanda ta fara mayar da yara cikin iyalai tun 2012. Sai ya jawo aljihun tebur ya nuna mini wasiƙu biyu da ya aika wa coci-coci a shekara ɗaya. Ɗaya ta neman gadaje ashirin, kuɗin ya cika cikin kwana tara. Ɗaya ta neman jari ga iyaye mata goma don su karɓi 'ya'yansu, coci ɗaya ne ya amsa, shi ma da cewa suna addu'a. "Madam," ya ce, "mutanenku suna ba da kuɗi ne ga abin da za su iya zuwa su runguma. Idan na mayar da yara gida, wa za ku zo gani a Yuli? Idan ba ku zo ba, da me zan ciyar da waɗanda da gaske ba su da inda za su?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na fito ba ni da amsa.

A daren na faɗi abin da na gani wajen addu'a. Ɗakin ya yi tsit. Wata dattijuwa da wannan ne zuwanta na shida ta ce, murya na rawa, akwai yarinyar da ta ɗauki nauyinta tun tana aji biyu, yanzu tana koyon aikin ungozoma, shin wannan ma ɓarna ce? Ba ɓarna ba ce, na kuwa gaya mata haka. Na ga yarinyar da idona, kuma ba domin zuwan farkon nan na dattijuwar ba, da babu wannan. Budurwar da yaron ya kira mama ta tashi ta fita waje. Fasto ya ce mu bar maganar sai mun koma gida, ya ja mu muka karanta Zabura 68. Ko da gangan ya zaɓa ko ba da gangan ba, a nan ne aka ce Allah uban marayu ne, ayar da ke biye kuma ta ce yakan zaunar da masu kaɗaici a cikin iyali.

Ranar tafiya sai da aka ɓamɓare yatsun mai jar riga ɗaya bayan ɗaya daga rigar budurwar. Mama ce ta yi, fuskarta ba yabo ba fallasa, ta saɓa shi a kafaɗa ta yi bayan kicin da shi. Wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba ta yi kuka ba ko kaɗan. Ta taimaka mini da jaka har bakin bas, ta ce, "Anti, na Agusta su ma da nas?" Ta san jadawalin baƙi fiye da yadda ta san na jarrabawarta. Muka shiga kwalekwale a inda Nilu ke fita daga Tafkin Biktoriya, aka ɗauki hotuna, aka sayi tsaraba, muka kama hanyar Entebbe.

Da na dawo na yi karatun da ya kamata in yi a Janairu. Ashe abin da na ƙirga a fayil ba na gidan nan kaɗai ba ne. Ƙungiyoyi irin su Save the Children da Lumos sun daɗe suna cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye. A Romaniya, daga shekarar 2000, masu bincike sun bi yara 136 na gidajen marayun gwamnati a Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, kuma waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu sun fi samun ci gaba a tunani da shaƙuwa. Gidajen Romaniya sun fi wanda na gani muni nesa ba kusa ba, ba na haɗa su, amma raunin rashin mutum ɗaya tabbatacce iri ɗaya ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2009 da suka ce talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyayensa ba, a 2019 kuma ta ambaci illar aikin sa-kai a gidajen marayu ƙarara. Ostireliya, masu fenti rawaya, a 2018 ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki tara yara a gidajen marayu don jawo kuɗin baƙi a matsayin nau'in bautar zamani. Wani bincike na kamfanin Barna a 2021 ya ƙiyasta cewa Kiristocin Amurka suna ba irin waɗannan gidaje kusan dala biliyan 2.5 duk shekara. Dala 3,200 ɗina ɗigo ne a wannan kogin, amma a cikinsa yake.

Lahadin ba da rahoto minti uku aka ba kowa. Na yi niyyar zazzage komai, da na hau mumbari na ga fuskokin waɗanda suka ba da dala ashirin-ashirin daga kuɗin fanshonsu, sai na ba da labarin mai gasa masara kawai, da tambayarta a kan kaji. Sauran na kai wa kwamitin mishan a rubuce. Zama uku aka yi, ɗaya har da ɗaga murya. Wani dattijon ikilisiya ya ce idan aka daina tura matasa, nan da shekara goma babu mai ba da ko sisi don mishan, domin wanda bai gani ba ba ya bayarwa. Ina jin yana da gaskiya, shi ya sa maganar ta fi ci mini rai.

Abin da aka tsayar bai kai yadda na so ba. Ba a soke tafiyar ba. An rage tawagar zuwa mutum biyar, an mayar da ita lokacin hutun yaran, aikinta kuma da ma'aikata ne: horo a kan lafiya da lissafin kuɗi, ba ɗaukar yara, ba hotunan fuskokinsu a Facebook. Aka ware wani kaso na kuɗin don albashin jami'ar walwala ta biyu da jarin iyaye mata. Mutum huɗu da suka yi niyyar zuwa sun janye da suka ji ba za a yi wasa da yara ba, iyali ɗaya kuma suka mayar da gudummawarsu wani cocin da har yanzu ke tura bas cike.

A Disamba Mama ta turo mini saƙon murya ta WhatsApp, ana jin ƙarar tukwane a bayanta. Ta ce mai jar riga da yayarsa sun tafi gida hutun Kirsimeti, karo na farko tun da aka kawo su. Yayar ta ce ita a can za ta zauna. Shi kuwa kwana uku yana tambayar yaushe za a koma wurin Mama, kuma ya ƙi kwana sai da fitila. Jami'ar ta ce a bi shi a hankali, za a gwada ƙarshen mako-mako tukuna idan an koma makaranta a Fabrairu. Daga ƙarshe ta ce in an tashi zuwa in taho mata da ma'aunin zafin jiki guda biyu, wanda na bari ya faɗi ya fashe.